Na toshe lambar ofis a wayar maigidana

Anti, don Allah ki taimake ni, na jefa kaina cikin abin da na rasa mafitarsa.

Maigidana mataimakin matuƙin jirgin sama ne. Garin da jirginsa yake tashi daban, inda muke zaune daban, saboda mahaifiyarsa ta tsufa, ba za ta iya ƙaura ba. In zai dawo gida, sai ya jira kujerar da ba a sayar ba. Jirgi ya cika, sai ya zauna a filin jirgi da jakarsa yana kallon mutane suna tafiya. Hutun kwana uku, ɗaya ya ƙare a jira.

Ga shi matuƙa sun yi ƙaranci a kamfaninsu. Ranar hutunsa ma ofishin tsara aiki sai sun kira, wai ya taimaka, akwai kuɗin ƙarin aiki. Shi kuma bai iya cewa a'a ba. Ya taɓa ajiye cokali ya tashi, abinci na tururi. Autarmu in ta ga jirgi a sama sai ta ɗaga hannu ta ce ga Abba, amma in ya shigo falo sai ta ɓuya bayan kujera.

To, wata guda ke nan, yana wanka na ɗauki wayarsa na toshe lambar ofishin. Anti, ban taɓa jin daɗin aurena kamar watan nan ba. Ya gyara famfon kicin, ya kai mahaifiyarsa asibiti da kansa, auta har barci take a ƙirjinsa.

Amma yanzu ya rame. Gani yake an daina kiransa ne don an cire shi daga waɗanda za a ɗaga zuwa kyaftin, wato babban matuƙi. Yana zaune, yana juya waya. Jiya har ya tambaye ni ko na lura yana da wani aibu. Na shiga ɗaki na yi kuka. In na faɗa, tsoro nake ya daina yarda da ni.

Matar Matuƙi

Ƙanwata, na ji kukanki, kuma ba na ganin muguwar mace a wasiƙar nan. Kewa ce ta sa ki. Kuma mutumin da ba ya hutawa bai kamata ya ɗauki ɗaruruwan rayuka sama ba, a nan kina da gaskiya.

Amma ki duba nasa ɓangaren. Shekaru ya yi yana neman matsayin nan, kuma ke kika sa yake zargin kansa. Wannan ya fi kiran ofis ciwo.

Yau ɗin nan ki faɗa masa, kafin ofishin su tambaye shi dalilin da ba a samunsa. Ki buɗe lambar a gabansa, ki ba shi haƙuri ba tare da kare kai ba. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi.

In ya huce, ku ɗauko jadawalin aikinsa, ku ware ranakun da zai iya karɓar ƙari da waɗanda na gida ne. Ki tuna masa watan nan: famfon, asibitin, da auta a ƙirjinsa. Ya riga ya ɗanɗana. Abin da ya rage shi ne ranar da wayar ta yi ƙara, ya ɗauka, ya ce a'a da bakinsa.

Allah ya daidaita ku, ya riƙa saukar da shi lafiya.