Inda Na Bar Sitti Madina

Asabar, 11 ga Oktoba, 1975. Jidda.

Sidi Othman, kafilina, wato ubangidan da ya tsaya min a takardar zama, ya kira ni falo bayan la'asar a gidansu na Abhur. Ya ce za a kai mahaifiyarsa, Sitti Madina, ƙasar Italiya wajen wani likitan ƙwaƙwalwa, kuma ni ce zan bi ta, tunda ba ta yarda kowa ya taɓa jikinta sai ni. Na ce masa 'yata Mastura ta shiga watan takwas, kuma cikin nan biyu da suka wuce duk ba su zauna ba. Ya ce sati biyu ne kawai, Dada Baraka, halas. Haka suke kirana a gidan tun ina goyon 'ya'yansa.

Na je unguwarmu Kurayyat na gaya wa Mastura. Ba ta ce kada in je ba. Ta dai ci gaba da tsince shinkafa, ta ce, Inna, ki dawo kafin lokaci. Na yi mata alkawari.

Litinin, 13 ga Oktoba.

Bab Makka. Na sayo rigar sanyi da safa da turaren wuta. Mai shagon ya ce a can har ruwan randa daskarewa yake. Ban yarda ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba. Italiya.

Sunan garin Bari. Da na ji, sai da na yi dariya ni kaɗai a mota.

Ba cikin garin muka sauka ba. Mun yi tafiya mai nisa ta cikin gonakin zaitun, har muka iso wani tsohon gidan gona na farin dutse, mai katanga kamar ta ganuwa. Ɗakunan baƙi da can na dawakai ne, har yanzu zoben ɗaure doki yana jikin bango kusa da gadona. Mai gidan wata gwauruwa ce mai baƙaƙen kaya, Nunsiya. Ba ta jin Larabci, ni ba na jin nasu. Da hannu muke magana.

Na tambayi Sidi me ya sa ba otal ɗin cikin gari ba, kusa da likita. Ya ce iskar ƙauye ta fi. Na gane. A otal ana iya haɗuwa da mutumin Jidda, Sitti kuwa yanzu tana tuɓe riga a gaban kowa.

Alƙibla da fitowar rana na kintata. Allah ya karɓa.

Litinin, 20 ga Oktoba.

An kai ta wajen likita. Ya haska mata idanu, ya tambaye ta sunan ɗanta, ta ce ba ta taɓa haihuwa ba. Sidi yana tsaye a wurin. A hanyar dawowa, sai da muka shigo gonar ya ce likita ya ce babu magani, abin gaba zai riƙa yi.

Na ce to sai mu koma gida. Ya ce yana da aiki a Milano tukuna.

Laraba, 22 ga Oktoba.

Ya tafi. Fasfo ɗinmu duka suna jakarsa.

Lahadi, 26 ga Oktoba.

Ta cije ni a hannu ina yi mata wanka. Jini har kan zanena. Ta ce, ke baiwa, wa ya ba ki izinin taɓa ni? Ni ba baiwar kowa ba ce, ubana malami ne a Maiurno ta Sudan, da ƙafarmu muka zo aikin hajji. Ta sani sarai lokacin da take da hankali, kuma ko a lokacin haka take kirana in ranta ya ɓaci. Shekara ashirin da wani abu ina yi musu aiki. Ciwon nan bai ƙara mata mugun baki ba, kunyar ce kawai ya cire.

Nunsiya ta ga hannun, ta wanke min da ruwan gishiri, tana ta magana tana girgiza kai. Ta nuna min hoton wani saurayi a bangon madafa, ta nuna ƙirjinta, ta yi nuni da nesa. Jamus, in ji ta. Ɗanta ne. Ni ma na zana babban ciki da hannu, na nuna gabas.

Alhamis, 30 ga Oktoba.

Yau sati biyun suka cika. Baƙin ƙarshe, wasu Turawa mata da miji, sun tafi. Ruwa tun safe.

Lahadi, 2 ga Nuwamba.

Tun zuwanmu burodi da ƙwai da wake nake ci, saboda akwai aladu a bayan gidan kuma ban san tukunyar da ake dafa me a ciki ba. Yau Nunsiya ta shigo da kaza mai rai a hammata da wuƙa a hannu, ta miƙo min. Ta lura ashe. Na yanka da bismilla a bakin rijiya. Na yi wa Sitti romo, ta sha kaɗan, ta tofa min sauran.

Sanyin nan yana shiga ƙashi. Mai shagon Bab Makka ya fi ni gaskiya.

Talata, 4 ga Nuwamba.

Mun je ƙauye a keken doki don buga waya. An daɗe kafin a samu shagon da ke kusa da gidan Mastura. Mijinta Rafi'u ne ya zo. Muryarsa can nesa kamar daga cikin rijiya. Ya ce ƙafafunta sun kumbura, ungozoma ta ce a kula. Ya ce kullum tana tambaya. Sai layin ya yanke.

Sidi kuma shiru.

Juma'a, 7 ga Nuwamba.

Na shiga madafa ɗebo ruwan zafi, na dawo babu Sitti. Ƙofa a buɗe.

Ana kakar zaitun, an shimfiɗa raga a ƙarƙashin itatuwa, matan ƙauye suna tsugune suna tsinta. Duk suka bar aiki muka bazu. Itatuwan nan iri ɗaya ne ko'ina ka juya. Na yi ta kiran sunanta har muryata ta dushe, kuma, Allah ya yafe min, akwai lokacin da na ce a raina in ba a gan ta ba ai sai a mai da ni gida.

Wata mata ce ta same ta a bayan katangar duwatsu, zaune cikin taɓo, babu takalmi, rigar barci ta jiƙe sharkaf. Tana cewa a nuna mata hanyar teku, mijinta yana jiranta a Abhur. Mijin da ya rasu tun zamanin da. Matan suka ɗauko ta a cikin raga, mutum huɗu. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Lahadi, 9 ga Nuwamba.

Zazzaɓi da tari. Likitan ƙauye ya zo ya yi mata allura. Ba ta zage ni ba yau.

Talata, 11 ga Nuwamba.

Sidi ya dawo. Ya rame. Ya zauna bakin gadonta, ya kama hannunta, ta fizge ta ce a fitar da wannan baƙon namijin.

Bayan azahar ya kira ni tsakar gida. Ya ce akwai wani gidan kula da tsofaffi a kan tudu, 'yan sista ne ke riƙe da shi, ya gama magana da su. A can za ta zauna. Bikin 'yarsa bayan hajji ne, kuma dangin angon ba su san halin da take ciki ba, in sun sani za su ce a jini yake. A Jidda an san tana jinya a Italiya, kuma ina tare da ita. Ya ajiye fasfo ɗina da tikiti a kan bakin rijiya. Jirgi ranar Juma'a. In na koma in zauna Kurayyat, kada in leƙa Abhur sai ya aiko.

Na ce, "Ya Sidi, in ta mutu a can, wa zai laƙƙana mata shahada? Wa zai wanke ta?"

Ya ce, "In kina so ki zauna da ita, za su ba ki ɗaki. Ban hana ki ba. Amma ba zan iya ce miki ga ranar dawowa ba."

Ya bar min zaɓi, wai.

Laraba, 12 ga Nuwamba.

Na yi istihara. Ban ga komai ba, fuskar Mastura kawai.

Alhamis, 13 ga Nuwamba.

Mun kai ta. Wurin da tsabta, ba zan yi ƙarya ba. Ƙasa tana ƙyalli, zannuwan gado farare tas. Gicciye a saman kowane gado. A wani dogon ɗaki tsofaffin mata suna jere a kujeru, an ɗaura wa wasu ƙyalle a ƙugu kada su faɗi. Babu mai magana.

Na jera mata kayanta. Na yi wa sistar bayani da hannu cewa ba ta cin alade, ba ta son ruwan sanyi, kuma in ta fara kuka a shafa mata tafin ƙafa. Sistar tana murmushi tana gyaɗa kai. Ban san abin da ta gane ba.

Da na miƙe, Sitti ta riƙe gefen mayafina. Ta dube ni sosai, ido cikin ido, ta ce, "Baraka, yalla, mu tafi gida. Nan ba wurinmu ba ne." Rabon da ta kira sunana tun kafin azumi.

Na ce mata ruwa zan ɗebo. Ta ƙi saki. Na zare mayafin daga kaina na bar mata shi a hannu, na fita da ɗankwali.

A mota Sidi ya kifa kansa a kan sitiyari. Ni ban yi kuka ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba.

Nunsiya ta rako ni bakin ƙofa. Ta nuna tudu, ta nuna kanta, ta ce wata kalma da na gane Lahadi take nufi. Wato za ta riƙa zuwa duba ta. Na rungume ta. Tana warin hayaƙi da man zaitun.

Alhamis, 20 ga Nuwamba. Kurayyat.

Mastura ta haihu jiya. Mace. Naƙudar ta yi tsawo, ta zubar da jini da yawa, sai da Rafi'u ya nemo mota muka kai ta asibiti. Tana ta riƙe wuyan rigata tana cewa Inna kada ki tafi. Ban tafi ba. Dukansu suna raye. Alhamdu lillahi.

Da ban dawo ba, matan unguwa za su ce a ƙara jira ne. Daidai na yi.

Laraba, 26 ga Nuwamba.

Suna. An sa mata Turai, sunan uwar Rafi'u. Zafin Jidda ya yi min daɗi.

Juma'a, 5 ga Disamba.

Direban gidan Sidi ya zo daga Abhur. Sitti Madina ta rasu ranar Talata, ƙirjin ne. An binne ta a can, wai jirage duk sun cika da alhazai. Bai san wanda ya yi mata sutura ba. Ya ce uwargida tana nemana jibi da wuri, kafin mata su fara zuwa ta'aziyya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 7 ga Disamba.

Matar Sidi ta shigar da ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Ta ce za a ce jiya na sauka daga jirgi. A asibiti ta cika, a hannuna, da kalmar shahada, kuma ni na wanke ta. Ta ce iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ta kusa ƙarewa, Sidi zai sabunta bayan Salla. Ba ta haɗa maganar biyu ba, ta dai faɗe su a jere.

Na yi niyyar in yi shiru kawai in an tambaye ni. Amma Sitti Luba ce ta fara, ƙanwar marigayiyar, tsohuwa mai sanda da ba ta gani sosai. Ta sa aka kawo ni gabanta, ta lalubo hannayena.

"Ta sha wuya, ya binti?"

"A'a, Sitti. Kamar barci."

"Ta yi shahada?"

"Ta yi."

"Ke kika wanke ta?"

Na ce ni ce.

Ta ɗaga hannayena ta sumbace su, ciki da baya, tana kuka, tana cewa Allah ya haramta wa wuta hannayen nan. Mata suka ce amin. Na maimaita labarin har magariba, ga duk wadda ta shigo. Zuwa ƙarshe har na ƙara cewa ta yi murmushi.

Litinin, 8 ga Disamba.

Ban iya cin abinci ba.

Juma'a, 19 ga Disamba.

An gama Salla, alhazai suna ta tafiya. Direban ya zo shekaranjiya, wai in koma aiki, akwai shirin biki ko da an ɗaga shi. Na ce masa ƙafata ke ciwo. Ya dawo yau, na ce masa har yanzu. Mastura ta dube ni, don da safe ta gan ni na je kasuwa na dawo da ƙafata. Ta ce, Inna, iƙamar fa? Na ce Allah na nan.

Na dafa shinkafa da yawa, ban san yadda aka yi hannuna ya zarce ba. Don kada ta lalace na kai ƙofar masallaci na raba. Wata tsohuwa ta tambaye ni sadakar wa ce, don ta san wanda za ta yi wa addu'a. Na tsaya kamar ban ji ba. Ta sake tambaya.

Na ce wata mata ce da muka zauna tare.