Na Ɓoye Wayar Babanka

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka, Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ku daga abin ƙi. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙanwarka ta sauka lafiya, an samu mace. Babanka kuwa ciwon sugan nan ya sake tashi, har likita ya ce ya riƙa lissafa allurarsa da manhajar waya, wadda kamfaninku ke yi.

A kan wannan na rubuto. Matarka ta faɗa mini, cikin hira ce ba ƙara ba, kada ka je ka tsare ta, cewa sabuwar manhajar da za ku fitar tana cin gwaji a kwamfutarka, amma a wata irin waya sai lissafin allurar ya ba da lamba daban. Ta ce akwai wani wuri a rubutun manhajar da ƙa'idar aikin ba ta faɗi abin da zai faru ba, kowace na'ura tana yin yadda ta ga dama. Ta ce shugabanka ya ce a kashe gwajin a sauran na'urorin don aiki ya fita a kan lokaci, kai kuma ka yi shiru.

Shirun nan naka ne ya tsinka mini zuciya. Ban yi karatunku ba, amma na san wanda ya ci jarrabawa da canki-canka bai iya ba. Ba haka na rene ka ba. Ka ji tsoron Allah, ka koma ka ce a gyara wurin, a rubuta a fili abin da ake so na'ura ta yi, a gwada a kowace irin na'ura, har da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi irin ta babanka. In sun kore ka, ɗakinka na nan.

An ce sabuwar manhajar da kanta take shiga waya, shi ya sa na ɗauke tasa na ɓoye a ƙasan akwatina. Yana ta faɗa, wai ɗansa ne ya yi, ba za ta cuce shi ba. Na kasa gaya masa dalili. Kullum sai mun taka zuwa asibiti an lissafa masa, ga ƙafar tasa ba ta so. Kai nake jira ka ce in mayar masa ko kada in mayar.

Ka gaida matarka da yara. Gwaggonka da Kawu mai shago suna gaisuwa.

Ni ce,
Mahaifiyarka