Kujerar Gaba Zuwa Gidimuni

Nguru, Litinin

Zuwa ga ƙanena Zainulabidin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Wasila da yara da mutanen Gashua baki ɗaya. Allah ya sa wa kasuwar shinkafa albarka.

Na san za ka ce me ya sami Yaya yake rubuta wasiƙa alhali ga waya a aljihunsa. To waya ba ta da sirri a gidan nan. Ko zaure na fita na yi magana ƙasa-ƙasa, sai Ikilima ta ji. Ƙaramin rubutu irin nawa kuwa yanzu ya fi ƙarfinta, kuma maganar da zan yi maka ke nan.

Mun je wajen likitan ido a Kano. Hawan jinin ido ne. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, magani sai dai ya rage wa sauran gudu. Gefe da gefe duk ya rufe, abin da yake gabanta kawai take gani, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. Ta ce ba ta son a cika mata gida da sannu-sannu, a riƙa kama mata hannu tana da ƙafafunta. Kai ma don ina da buƙata ne na gaya maka.

Ka tuna tafiyar da na yi da Baba, Allah ya jiƙansa, sayen dabino a Nijar ina saurayi? Tun muna ango da amarya nake damun Ikilima da labarin tafkin Gidimuni, ruwa kwance a tsakiyar rairayi, dabino ya kewaye shi. Kowace shekara sai in ce baɗi zan kai ta. Har ta kan ce, "Malam, tafkin nan naka ko ya ƙafe ne?" Yanzu ba ni da wata baɗi da zan jira, kuma abin yana cina.

Ina son ka ara mini Hilux ɗinka da zarar ruwa ya ɗauke, don tsohuwar motata ba za ta iya rairayi ba. Za mu bi ta Machina, mu ga duwatsun Damagaram da lambunan Mirriya, mu kwana biyu a Gidimuni, in hali ya yi mu leƙa tuddan Gure. Ni zan tuƙa, ita tana gaba kusa da ni. Mu biyu kawai, Zainu. Ba biki za mu ba, ba ta'aziyya ba, ba fatauci ba. Kallo.

Ka ba Ya'u direba amsa. Allah ya bar zumunci.

Yayanka,
Abdulbaƙi


Gashua, Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Wallahi da na karanta takardarka sai da na rufe shago na ɗan zauna. Allah ya ba matarmu lafiya.

Mota taka ce, har da tambaya? Na riga na kai ta an sa sababbin tayoyi, na kuma haɗa maka takardunta na ƙetare iyaka. Sirri kuwa ka kwantar da hankalinka, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maganar ido ko Wasila ba ta ji ba.

Maganar tafiya ce dai na ɗan taɓa wa makanike, don ya san irin gyaran da zai yi. Ashe Abbo mai shanu yana zaune a bayan motar yana jiran tasa. Ya ce wa ya rasu a Damagaram? Na ce ba kowa, kallo za ku je. Ya ce kallon me? Na ce ruwa. Ya ce, "Ruwan Dagona da ke nan kusa da mu ya yi musu kaɗan ne?"

To tunda bayan mota fanko zai tafi, akwai ɗan ƙaramin saƙo. Buhun shinkafa biyu ne na surukina a Mirriya, a kan hanyarku yake, ko kwana ba za ka yi ba. Wasila kuma ta ce a haɗa da kwalin bandar kifi ɗaya na innarta. An ɗaure shi sosai, ba ya wari. Shi kuma Abbo yana da wani ɗan rago da ya yi wa amininsa alkawari tun bara. Rago ne mai hankali, Yaya, ni shaida ne.

Ka san zumunta a ƙafa take, a taya ma haka. A gaida matarmu.

Ƙanenka,
Zainu


Nguru, Asabar

Zainulabidin,

Salamu alaikum. Ina gaida iyali.

Na karanta takardarka. Na ce maka mu biyu, ka mai da mu mu uku da rago. Rago mai hankali! Yaushe ka zauna da shi har ka san hankalinsa? Kifin da ba ya wari kuma, a duk Gashua ban taɓa haɗuwa da shi ba, sai dai in bana aka fara yin sa.

Shinkafa da kifi na haƙura, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma ka san abin da bakinka ya jawo mini? Labari ya riga takardarka isowa Nguru. Jiya ko carbi ban gama ja ba a masallaci, Malam Hashim ya matso ya ce ya ji zan shiga Faransa, wato Nijar, yana da keken ɗinki da zan kai wa 'yarsa. Maƙwabciyarmu Zinariya ta aiko da tulin tabarmi. Wani da ban ma san sunansa ba ya tare ni a kasuwa yana tambayar ko akwai wurin mutum ɗaya siriri. Zaurena yanzu ya koma tashar mota, sai na yi tsallake nake shiga gidana.

Kuma ba wanda ya yarda kallo za mu je. Rabinsu sun ce fasa-ƙwauri na fara bayan ritaya, rabi sun ce wajen malami zan kai ta. In na ce a'a ga kaya, a ce Abdulbaƙi ya ari mota ya fara girman kai. In na faɗi dalili, na karya alkawari. Ka ga inda ka saka ni.

Ni da na zauna na tsara inda za mu tsaya mu sha shayi, da inda rana za ta kasance a bayanmu don kada ta dame ta, yanzu lissafin inda za a ba rago ruwa nake yi. Ita kuwa dariya kawai take. Ta ɗinka sabon mayafi, ta kuma sa an wanke tabarau ɗinta har sau biyu. Shekaran jiya na gan ta tana laluben butar da take gefen ƙafarta, na yi kamar ban gani ba.

Bayan mota ya cika, na yarda. Amma cikin mota namu ne. Kada ka ƙara ko allura.

Yayanka,
Abdulbaƙi


Gashua, Talata

Yaya,

Salamu alaikum. Don Allah ka zauna kafin ka karanta.

Ban ƙara allura ba. Gwaggo Asta ce. Jikarta Bushra ta haihu a Damagaram, ka san tun kafin a yi suna take neman mota, kuma ba ta iya zaman ta haya. Da kanta ta zo shagona da sandarta, ta zauna a kan buhu, ta ce, "Na ji Abdulbaƙi zai kai matarsa shan iska. Ni ƙanwar ubansa iskar ba ta shiga hancina ne?" Yaya, me zan ce? Ita ta goye ka, ita ta goye ni. Na ce to.

Ta riga ta ɗaure ƙullinta, ta sallami mutanen unguwa, har ta karɓi nata saƙonnin, amma ba su da yawa. Ta ce ranar tafiya in kawo ta Nguru tare da motar.

Sauran magana ɗaya, kuma ka san ta. Gwaggo ba za ta zauna baya matar ɗanta tana gaba ba. Ba a taɓa yi ba, in aka yi kuma har mu mutu ana ba da labari. Ta ma riga ta ce in matsar mata da kujerar baya kaɗan saboda sandarta. Na gwada cewa gaba akwai zafin inji, ta ce sanyi ne yake damunta dama.

Ni a ganina ka bari in gaya mata gaskiya. Gwaggo ce fa, ba bare ba. Kalma ɗaya ta isa.

Ka yi haƙuri. Na san na yi ɓarna.

Ƙanenka,
Zainu


Nguru, Alhamis

Zainu,

Salamu alaikum.

Kada ka kuskura. Gwaggo tamu ce, amma abin da Gwaggo ta ji da safe, kafin azahar an ji shi a Dapchi. Kuma sirrin ba naka ba ne, ba nawa ba ne.

Ka tsaya ka yi tunani ko sau ɗaya. Matar da gabanta kawai take gani, ka sa ta a kujerar baya, me za ta kalla daga nan har Gidimuni? Ƙeyar Gwaggo da ɗankwalinta. Shekara talatin da wani abu ina yi mata alkawarin tafki, in kai ta ta ga ƙeya. Na ari mota, na sayi mai, na canjo kuɗi zuwa sefa, na yi allurar da suke tambaya a iyaka, duk don wannan kujera guda ɗaya, ita ce kuma ka bayar.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Abu biyu ne ya rage. Ko in fasa, in ce mata mota ta lalace, ko in dubi idon Gwaggo a gaban mutane in ce ta koma baya. Fasawa ba zan yi ba, likita bai ba ni wata damina ba. Saboda haka ka kawo ta ranar Asabar. Zan faɗa mata da bakina, ta tsine mini in ta ga dama, dangi su ce na yi wa ƙanwar ubana rashin kunya saboda mace. Na ɗauka.

Ikilima ta ji ina ta jan tsaki, ta tambaye ni, na gaya mata Gwaggo za ta bi mu. Ta ce, "To ai sai in zauna baya, Malam." Ko muryarta ba ta canza ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Abdulbaƙi


Damagaram, Litinin

Zainu,

Salamu alaikum. Mun iso lafiya, wani direban Machina zai kawo maka wannan.

Ragonka mai hankali ya ci tabarmar Zinariya guda, ya tunkuyi jandarma a iyaka. Kifi kuwa har cikin rawanina. An sauke mana kaya kaf an bincika, keken ɗinkin Malam Hashim kaɗai ya cinye mana rabin yini.

Amma ba wannan ba. Kai ka gani da idonka ranar Asabar: na gyara murya zan yi magana, sai Gwaggo ta fito daga ɗakin Ikilima ta wuce ni, ta buɗe ƙofar baya da kanta, ta ce gwiwarta tana son miƙewa. Gwaggon da ta tako daga gida har shagonka! Na kalle ka, ka kau da kai. Ka gaya mata ke nan, bayan na hana ka. Na gode da kujerar, amma ka ci amanata, kuma in na dawo akwai magana.

Mun sauke ta gidan Bushra. Gobe Mirriya, mu rabu da shinkafarka.

Abdulbaƙi


Gidimuni, Alhamis

Ƙanin miji,

Salamu alaikum. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙe, su nake iya gani. A gaida Wasila.

Na ji yayanka yana ta huci da sunanka. Ka bar shi, ba ruwanka. Ni na gaya wa Gwaggo, sanda ta shigo ɗakina shan ruwa. Na ga mutumin nan zai zubar da mutuncinsa a ƙofar gida saboda ni, sirrin kuma nawa ne, sai na fasa abina. Tun farko ma na san ya gaya maka, mutum ba ya rubuta wasiƙa kullum don aron mota.

Ina jiran Gwaggo ta fara salati da kuka. Sai ta ɗaga haɓata ta dube ni, ta ce, "To shiga gaba, ki kalla da kyau. In ya yi gudu ki gaya mini." Ko sannu ba ta ce mini ba. Allah ya saka mata.

Tafkin bai ƙafe ba, Zainu. Tun safe yayanka yake nuna mini tsuntsaye, ga fari can, ga wasu sun tashi, ina cewa na gani. Tsuntsayen ban gan su ba, kada ka gaya masa. Amma ruwan na gan shi, da dabinon, da shi kansa tsaye a bakin ruwan ya naɗe wando yana mitar warin kifi. Na daɗe ina kallonsa.

Matarku,
Ikilima