Bakin Haƙa da Ke Tokare Ƙofa

Moomba, 3 ga Mayu

Kawu Des,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taka? Ina fatan Inna Glenys tana lafiya.

Kawu, ina cikin damuwa. Rijiyar man da muke haƙa yanzu ita ce gwajina: in ta wuce kwana ashirin, ba za a sabunta mini aiki ba. Can ƙasa akwai dutse mai tauri. Bakin haƙa mai kai uku da suke sawa a ƙarshen bututu don cin dutse yana dakushewa duk bayan kwana biyu, sai a zaro bututu kaf a canja, yini guda ya tafi a banza. Na ce a sa mai haƙoran lu'ulu'u. Rennick, shugaban ma'aikata, ya kwashe da dariya: "'Yar boko, an gwada shi kina firamare!" Ya nuna mini wanda ya farfashe shekara goma sha biyar da ta wuce. Da shi yake tokare ƙofar ofishinsa. Tun daga lokacin ba mai ambaton lu'ulu'u a filin nan.

'Yarka,
Tegan

Adelaide, 7 ga Mayu

'Yata Tegan,

Bayan gaisuwa, ƙafa da sauƙi, Glenys tana gaishe ki. Wallahi na ji daɗin wasiƙarki, har na ji kamar na koma aji!

Kada ki yi gardama da Rennick, ba a kayar da shi da baki. Ki roƙe shi aron matokarin nan, ki wanke shi da buroshi, ki duba shi a rana. Abin da na koya wa ɗalibaina shekara talatin ke nan: baki da ya mutu yana faɗin wanda ya kashe shi. Dutse yana cin haƙori a hankali, bai-ɗaya, kamar dugadugan takalmi. Zafi yana barin ƙananan tsaga. Amma in kin ga wawakeken rami mai zagaye, da sheƙi a gefensa, to ƙarfe ya tauna, ba dutse ba.

Ki duba da idonki, sannan ki yanke shawara. Na yarda da ke.

Kawunki,
Des

Moomba, 21 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa, kuma ka zauna kafin ka karanta!

Rami ne, Kawu, mai zagaye, har da guntun ƙarfe a maƙale tsakanin haƙora. Na dire bakin haƙan a teburin cin abinci gaban kowa, na ce, "Dattijo, dutsen nan naku yana da sifana a ciki ne?" Rennick ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Sa naki. In ya fashe, ke za ki tokare ƙofar."

Muka sa. Kwana huɗu ina tsaye gaban allon na'urar haƙa. Ya ratsa dutsen nan kaf ba a zaro bututu ko sau ɗaya ba! Mun gama a kwana goma sha huɗu. Da aka fito da shi, haƙori biyu kawai suka ɗan lashe. Ma'aikata suka yi ta buga hulunansu a jikin bututu. An sabunta mini aiki, an kuma ce ni zan zaɓi baki a rijiyoyi shida masu zuwa.

Abu ɗaya: Rennick ya karɓi adireshinka. Ban san dalili ba.

'Yarka,
Tegan

Moomba, 22 ga Mayu

Malam Des Hartwig,

Gaisuwa. Ban iya wasiƙa ba, ka yi haƙuri.

Sifanar tawa ce. Ta suɓuce mini cikin rami ina sabon shugaba, na yi shiru, na ɗora wa bakin laifi. Jiya na faɗa wa yara. Sun yi mini dariya har na fita waje.

Yarinyarka ta iya aiki. In kana da irinta, turo.

Rennick