A Kujerar Bayan Motar Tamsin

Lahadi, 5 ga Maris

Bayan an tashi daga coci 'yata Tamsin ta zo da jaririnta. Hedley watansa bakwai, wai kuma za ta saka shi a ƙaramar bas ta zaga garuruwa da shi tana kiɗan rok a mashaya. Mijinta Rowan yana can wurin haƙar ma'adinai a arewa, sai ƙarshen wata zai dawo. Na faɗa mata gaskiya: uwa wuri ɗaya take zama. Mace mai shekara talatin da huɗu, har yanzu tana tsalle da jita kamar an zuba mata cinnaka a takalmi. Ni na zaunar da ita gaban fiyano tun tana ƙarama don ta yi wa Ubangiji waƙa. Ba don wannan ba.

Na tuna mata aikin koyar da kiɗa da na yi mata magana a makarantar sakandare. Shugabar makarantar, Misis Penhale, ta ce za ta jira amsa har ƙarshen wata. Tamsin ta yi ta juya shayinta, can ta ce, "To Mama, ki biyo mu. Ki riƙe min shi, ki gani da idonki. In mun dawo kika ce yaron ya wahala, zan rataye jitar in karɓi aikin. Abin da kika ce shi za a yi."

Na ce na yarda. Na riga na san abin da zan ce.

Laraba, 8 ga Maris

Na gasa pasti cike da kwali, wato ƙullin fulawa mai nama da dankali da albasa a ciki, yadda uwata take yi. Ba zan ci abincin mashaya ba.

Alhamis, 9 ga Maris, Port Pirie

Na ga abokan aikin nata. Mai ganga sunansa Con, ɗan Girkawa, gemu har ƙirji, hannuwa duk zane. Mai babbar jita kuma Shaz, gashinta kore shar kamar ganyen latas. Tun kafin mu fita daga garinmu Moonta na kafa doka: ba zagi, ba taba, ba kwalba a motar da jikana yake ciki. Con ya ƙame ya sara min, ya ce, "An gama, Saje!" Yanzu duk Saje suke kirana. Na ce masa sunana Misis Trezise. Ya ce, "To, Saje Trezise."

Ya cinye pasti huɗu kafin mu yi rabin hanya. Aƙalla mutumin ya san abinci.

Da lokacin wasansu ya yi na zauna a masauki da Yallaɓai Hedley. Faifai uku 'yata ta fitar, ana sa ta a rediyo, ban taɓa zuwa kallonta ba. Ba yau zan fara ba.

Juma'a, 10 ga Maris

Yallaɓai ya yi barci tun daga Pirie har Whyalla, shi da ba ya iya barcin kirki a gadonsa na gida. Ba na cewa komai. Mota ce, kowane yaro haka yake.

Asabar, 11 ga Maris, Whyalla

Ɗakin masaukin zafi kamar tanda, dole na bi su kulob ɗin tsofaffin sojoji inda za su yi wasa. Na sa wa yaron murfin kunnensa mai ruwan ɗorawa, ya zama kamar ƙaramin direban tarakta.

Ban san da hannunsu suke ɗaukar kayan nan ba. Lasifika kamar firji, Tamsin da Shaz suka kinkimo ta suka hau matakala da ita. Sai gwajin sauti. Layi ɗaya na waƙa suka yi ta maimaitawa, Tamsin tana tsayar da su. "Con, kana gudu." "Ba na gudu." "Kana gudu, wa ya biyo ka?" Muryata na ji a bakinta, har na waiga. Ƙungiyar mawaƙan cocinmu da za su sami mai tsare su haka, da ba mu sha kunya ranar Ista ba.

Suna cikin haka ƙarfe shida ta yi, aka rage fitilu don tunawa da sojojin da suka mutu, kamar kullum. Na zaci sai wani ya je ya roƙe su. Kafin in motsa, Tamsin ta ɗora tafin hannu a kan igiyoyin jitar, ɗif. Con ya cire hula. Suka miƙe suka fuskanci yamma tare da tsofaffin. Shaz ma, da koren gashinta. Mahaifina ya yi yaƙi, Tamsin ta sani.

Duk da haka ƙarar ta yi yawa.

Lahadi, 12 ga Maris, Tumby Bay

Na sami coci da safe. Tamsin ta biyo ni ba tare da na ce mata ba, ta ɗauki murya ta biyu a duk waƙoƙin, ba ta ko duba littafi ba. Wata tsohuwa ta juyo ta ce, "'Yarki ce? Kai, kin iya tarbiyya." Ban gaya mata inda 'yar za ta da rana ba.

Wasan rana ne, a filin bayan mashaya. Kiɗa ranar Lahadi! Na faɗi ra'ayina a kai tun a mota. Na zauna can nesa ƙarƙashin bishiya da keken yaro. Ana tsakiyar waƙa mai mashayar ya hau dandamali ya karɓe makirufo daga hannun Tamsin, wai lokacin fitar da tikitin cacar tiren nama ya yi. Ita kuwa, mai faifai uku, ta ja baya tana dariya, Con yana yi masa kiɗan jira. Sai na ji an ce, "Ina Saje Trezise?"

Ashe shaƙiyyin nan Con ya sayi tikiti da sunana. Ni da ban taɓa caca ba tun da aka haife ni! Jama'a suna tafi suna "Saje! Saje!" Dole na tashi na je na karɓo, tire guda na haƙarƙarin rago da tsiren alade. Na faɗa a makirufo cewa caca ba kyau. Suka ƙara tafi, wai sun zaci wasa nake.

Ɓarnar abinci ma zunubi ne. Na gasa shi a murhun bakin teku, muka ci har da wasu masunta. Rabon da in yi dariya haka tun mijina Clem yana da rai. Sai dai Con ya sha faɗa.

Talata, 14 ga Maris

Doguwar hanya zuwa yamma, gonakin alkama an girbe, ba komai sai tumaki.

Yau na ga yadda take yin waƙa. Ni a zatona zama suke su yi ta ihu har wani abu ya fito. Tana zaune kusa da ni, yaro a nono, tana gunguni cikin wayarta. Ta rera, ta goge, ta sake. Tun safe har muka tsaya shan mai, baiti ɗaya take sassaƙa. Na kasa kunne, ashe a kan mahaifinta ne, yadda yake kai ta kamun kaguwa tana bin sa da bokiti.

Na ce, "Ba bokiti ba ne. Tsohon bahon wankanki yake ɗaurewa a ƙugu da igiya, yana jan sa a kan ruwa. In kin gaji ya ɗora ki ciki tare da kaguwar, kina ihu."

Ta zuba min ido. "Mama, sake faɗa. A hankali." Ta miƙo min wayar a baki. Na ce ni ba mawaƙiya ba ce. Shaz daga gaba ta ce, "Saje, yanzu sai an rubuta sunanki a faifai." Na ce duk wanda ya kuskura.

Alhamis, 16 ga Maris, Streaky Bay

Wata yarinya 'yar makaranta ta zo da jitarta don Tamsin ta sa mata hannu. Uwarta tana tsaye a baya ta naɗe hannu, fuska ba annuri. Tamsin ta zauna a kan lasifika ta nuna wa yarinyar yadda za ta ɗora yatsu, ta ce mata, "Kullum kafin makaranta, ko kina so ko ba kya so. Haka uwata ta yi min da fiyano."

Uwar ta matso kusa da ni ta ce, "Wannan abin yana ciyar da mutum kuwa?" Na ji bakina ya ce, "Aiki ne, kamar kowane aiki." Ban san me ya sa na faɗa ba. Fuskarta ce ta ba ni haushi.

Juma'a, 17 ga Maris

Haƙori. Yallaɓai bai bar kowa ya runtsa ba.

Asabar, 18 ga Maris, Ceduna

Wasan ƙarshe, da la'asar a bakin teku, mutane sun zo tun daga gonaki masu nisa. Tun safe yaron yake kuka, dasashi ya kumbura. Mai kantin maganin garin ta duba shi ta ce haƙori ne kawai. Saura kaɗan su hau, na tarar da Tamsin a bayan mota tana jijjiga shi, ita ma hawaye shaɓe-shaɓe.

Ta ce, "Mama, kin yi gaskiya. Ba sai kin faɗa ba. Zan ce wa Con a fasa, gobe in kira Misis Penhale."

Abin da nake roƙo ke nan tun ranar da ta bar gida ta tafi Melbourne da jita a baya. Ga shi an miƙo min. Sai na ji raina ya ɓaci, ɓaci na gaske.

Na ce, "Tamsin Trezise, haƙori kowane ɗa yana yi, a gida ko a daji. Ke da kika yi naki ina wanke kwanuka a asibiti, ban ajiye aiki ba. Mutanen nan sun baro gonakinsu saboda kin ce za ki zo. A gidanmu ba a yin alkawari a saɓa. Kuma abin da Ubangiji ya ba mutum ba a ajiye shi don an kwana ba barci. Ba ni yaron. Wanke fuskarki."

Ta tsaya sororo. Na ce, "Da ke nake."

Con ya zo wucewa, yaron ya cafke sandar gangarsa ya kai baki. Tsit. Na ƙwace na wanke da ruwan zafin shayina na mayar masa. Con ya ce, "Saje, da me zan yi kiɗa?" Na ce, "Ai kana da wasu, kar ka raina min hankali."

Na tsaya a gefen dandamali don kawai ta riƙa ganin yaron. Ba don komai ba. Da ta buga jitar nan, ƙarar ta shigar min har haƙarƙari. Yarinyar da take kuka ɗazu babu ita. Wata mace ce tsaye, ta ɗaga hannu jama'a su yi shiru, ta sauke su ɗauka. Tsofaffin manoma da huluna suna rera kalmomin da 'yata ta rubuta. A ƙarshe ta ce ga sabuwa, ba a gama ta ba, rabinta na uwarta ne. Ta rera bahon, da igiyar, da Clem a cikin ruwa har gwiwa.

Iskar teku tana sa ido ruwa. Yallaɓai ya yi barci a kafaɗata da sanda a baki.

Litinin, 20 ga Maris

Hanyar gida. Haƙorin ya fito, fari ƙal, Shaz ta ɗauki hotonsa kamar wani sarki. Tamsin ta yi ta satar kallona. Na ce sai mun isa.

Laraba, 22 ga Maris, Moonta

Ta zo da safe ta zauna a kujerar da ta zauna rannan, tana juya shayi. Ta ce, "To, Mama. Ya wahala?"

Na ce ni ba na ƙarya. Na ɗora shi a sikeli, ya ƙara nauyi. Na ce ta kira Misis Penhale da kanta ta ba ta haƙuri cikin ladabi cewa ba za ta karɓi aikin ba, kar a bar baiwar Allah tana jira. Ta taso ta rungume ni har ta zubar min da shayi a kan zanen tebur. Shekara talatin da huɗu!

Ra'ayina a kan mashaya bai canza ba, haka a kan kiɗan Lahadi. Na faɗa mata.

A watan Satumba za su Queensland. Ta ce kar in damu, Rowan zai ɗauki hutu ya riƙe yaron. Rowan mutumin kirki ne, amma bai iya pasti ba, kuma Con zai raina shi tun ranar farko. Zan yi magana da shi.

Akwatin tafiyata ban mayar da shi saman kabad ba, yana nan bayan ƙofa. Bayana ne yake ɗan ciwo.