Kunnen da Ban Tsaga Ba

Zuwa ga Yero ɗan Baffa Sambo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali da ta bisashe, a duk inda daminar bana ta same ku. Ya Inna? Ya ƙarfin jikin Baffa, in Allah ya bar mana shi? Ni ne Lawali na Badarawa. Ban san garin da kake ba. Lambar wayarka da nake da ita wata mata ce ke ɗauka yanzu, kuma ta gaji da ni. Shi ya sa na ɗora wasiƙar nan a shafina inda kowa zai gani, ko a dace wani ya karanta maka.

Ka tuna duk bayan girbi shanunku kan sauka a gonar Babanmu, su ci kara su bar mana taki. A nan ka koya mini karanta kunnen saniya. Ka kama wata fara, ka juya kanta, ka nuna mini inda wuƙa ta bi. Ka ce kowane gida da irin tsagarsa, ko saniya ta ɓace ta kai Sakkwato, kunnenta zai faɗi gidansu. Taku tun daga kakan Baffa take. Ni a lokacin gani nake duk shanu kamarsu ɗaya, ka yi ta mini dariya kana cewa Bahaushe sai gero.

Ba zan siffanta tsagar taku a nan ba. Na taɓa yi sau ɗaya, kuma ya isa.

Ka san yadda na fara. Ina zaune a shagon buga takardu kusa da tashar jirgin Ƙaura, in babu masu kawo aiki sai in buga nawa. Labaran ɓarayi da kisan kai nake rubutawa, ƙananan littattafai masu baƙar takarda, a bango an zana ƙato riƙe da bindiga. A Kano ake bugawa, a dawo da su cikin buhu. Duk wata sai na fitar da ɗaya. Jarumina Sufeto Bawa, mai jar hula da tsinken sakace, bai taɓa kai shafi na sittin bai kama mai laifi ba, don takardar ke nan mai ɗab'i ya yarda ya saya. 'Yan mata na karɓar haya, direbobi na karantawa kafin mota ta cika. Kai kuma ka sa mini suna Mai Biro.

A littafi na huɗu ne na yi abin. Labarin satar shanu ne, ina neman hanyar da Sufeto zai gane ɓarayin, kaina ya kulle kwana biyu. Sai na tuna da darasinka. Na rubuta cewa ɓarayin kan sake yanka kunnen shanun da suka sato ya koma irin tsagar gidansu. To wace tsaga zan sa? Guda ɗaya na sani a duniya. Na zayyana ta tsaf, dama da hagu, har ina jin daɗin cewa na yi bincike. Ban sa sunan Baffa ba, ban sa Badarawa ba, saboda haka a ganina ban taɓa kowa ba.

Mutanen Kano sun karanta sun ce wannan marubuci ya san daji. A karar Shinkafi kuwa, wato kasuwar shanu, wani ya karanta wa dillalai a gindin bedi, bai ƙarasa shafin ba kowa ya san gidan da ake nufi. Da farko tsokana ce. In Baffa ya shigo da sa, sai a ce a ɓoye igiyoyi, ga mutanen Sufeto Bawa nan. Aka ce mini Baffa murmushi kawai yake yi, ya gyara sandarsa a kafaɗa.

Ka zo shagon da hantsi, littafin a naɗe cikin aljihunka. Ba ka zauna ba. Na yi dariya na ce ai ƙagaggen labari ne, kowa ya sani. Ka dube ni ka ce, "Labarin ƙage na, amma kunnen na gaskiya na." Da za ka fita ka ƙara da cewa, "Lawali, ko mahauci shina bismilla kahin shi yanka." Na bi ka da cewa ka tsaya mu sha fura, ka ce kana sauri. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

Shekarar ba ta ƙare ba na koma Kano. Wayoyi suka shigo, kasuwar littafi ta mutu a tsaye, masu fim suka kira ni. Na koyi wata sana'ar. A littafi ni ne sarki, in na ce a kashe mutum an kashe shi. A fim furodusa zai ce kada a kashe shi don fuskarsa ke sayar da kaya, darakta ya ce a mayar da dajin falo tunda babu kuɗin mota. Na rubuta na soyayya, na rubuta na barkwanci, daga baya na faɗa masu dogon zango na talabijin, inda ake jan laifi guda har wata shida. Na yi aure, na yi tumbi, sunana yana fitowa a ƙarshen shiri lokacin da kowa ya tashi alwala. Alhamdu lillahi, ba na kuka.

Ina can ƙasarmu ta rikice. Ka fi ni sanin wannan, ba sai na ba ka labari ba. Da aka fara kore garke da gaske, tsokanar kara ta daina zama tsokana. Yayata Hajo ce ta faɗa mini cewa an daina taya shanunku, kuma ta ji da kunnenta wani yana cewa, "Ai har a littafi an rubuta su." Wata bazara aka wayi gari rugarku babu kowa sai turaku. Wasu suka ce ta Zurmi kuka bi, wasu suka ce kun tsallaka iyaka.

Ba zan ce littafina kaɗai ya tashe ku ba. Kowa ya tashi, mu ma namu sun baro Badarawa, kuma waɗanda ba su taɓa ganin littafi ba sun rasa fiye da haka. Amma ranar da mutane ke neman abin da za su faɗa a kanku, ni na riga na ba su. Magana zarar bunu ce. Wannan yana damuna, Yero, ya daɗe yana damuna.

Bara wani furodusa ya tono littafin ya ce a mayar da shi mai dogon zango. Darakta babu abin da ya burge shi irin maganar kunnen, har ya tsara yadda kyamara za ta matso. Na ce to bari in ƙirƙiro tsagar da ba ta kowa ba. Na zana guda biyar a takarda, na hau mota na zo Ƙaura, na kai wa wani tsohon dillali a kara. Ya riƙe takardar nesa da ido, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin gidan da ke da kowace. Sannan ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, babu tsagar da ba ta da mai ita." Na koma na cire kunnen gaba ɗaya. Yanzu Sufeto Bawa da sawun taya yake kama ɓarayi. Darakta ya ce labarin ya zama miya babu gishiri, masu kallo ma sun faɗa, kuma suna da gaskiya. Kashi na biyu wani aka ba ya rubuta.

Masu karanta wannan daga yankinmu, waɗanda suka san tsagar da nake nufi, ku gafarce ni in juyo gare ku da layi ɗaya: gidan nan ba su taɓa satar ko akuya ba, ni ne na ari shaidarsu don ban san wata ba.

Saura abin da ya sa na ɗauki biro yau. A ranar da na je wurin dillalin, ina fitowa na ga wata karsana ja a ɗaure, na kai ido kunnenta kamar yadda ka saba mini. Wallahi sai da na matsa na sake dubawa. Taku ce, dama da hagu. Karsana ce ƙarama, Yero, ba ta kai shekara uku ba. Ashe akwai hannun da ke yin tsagar nan har yanzu, ashe ba ku bar ta ba duk da abin da na ja mata. Na tambayi inda ta fito, aka ce ta bi hannu uku, na farkon daga arewa ya kawo ta. Na saye ta ban yi ciniki ba, dillalin har ya ji kunya ya rage mini.

Tana garin Banga wurin Hajo. Ashe da ciki na saye ta, ran Talatar da ta wuce ta haifi ɗan maraƙi, ja kamar uwarsa, da fari a goshi. Mijin Hajo ya kira ni ya ce yana da wuƙa a hannu, wace shaida za a yi masa, don zamanin nan ba a barin dabba haka. Na ce ya mayar da wuƙar kube. Mu ba mu da tsaga, taku kuma na taɓa ɗauka ba da izini ba, ba zan ƙara ba.

Ina kewarka, abokina. Ban ce ka yafe ba, wannan naka ne. Cewa na yi akwai maraƙi a Banga da kunnensa lafiyayye, kuma haka zai zauna har ka zo da wuƙarka, ko ka aiko ɗanka.

Allah ya tsare ku a inda kuke, ya albarkaci garken, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. In Baffa yana raye, Allah ya ƙara masa lafiya, ka ce masa ɗan Malam Isa yana duƙe yana gaishe shi. In ya riga mu, Allah ya haskaka makwancinsa. Allah ya sa maraƙin nan kada ya yi ƙaho kafin ka gan shi.

Naka,
Lawali Mai Biro