Gahawar da Prel Ya Miƙo Mini Ta Ƙarƙashin Gwiwa

Tirana, 9 ga Oktoba

Zuwa ga yayata Dila,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga babbar yayarsa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki da sauƙin ciwon ƙugun da ya hana ki hawa jirgi. Yaya sanyin Detroit, yaya maigida Kol da jikoki? Mu nan lafiya. Matata Tereza tana nan da hawan jininta, tana shan magani tana mita. Allah ya jiƙan yayanmu Marash, ya ba mu haƙurin rashinsa. An yi jana'iza yadda ta kamata, mutane sun zo daga kwaruruka uku, matarsa Mrika kuwa ta yi ƙarfin halin da ban zata ba.

A waya kin tambaye ni yadda aka karɓe ni a gida, na ce miki lafiya ƙalau. Ƙarya na yi miki, Yaya, kuma ba ita ce ta farko ba.

Na isa da motar ofis, aka kai ni ɗakin maza, aka zaunar da ni kusa da murhu, wurin babban baƙo. Na zauna ba ko kunya, don shekara talatin ke nan a nan ake zaunar da ni. Prel, babban ɗan Marash, shi ke raba gahawa. Ya fara da limamin coci, ya wuce ni, ya bi ɗakin kaf har direbana ya ba. Sai da kowa ya karɓa ya dawo gabana ya durƙusa, ya ɗauki kofin da hagu, ya zura shi ta ƙarƙashin gwiwarsa ya miƙo mini. Kin san wanda ake yi wa haka a gidanmu. Tun muna yara sau ɗaya na gani, ranar da aka yi wa mutumin da ya miƙa baƙonsa ga masu nemansa. Tsoho Ded mai goge, wanda yanzu ko haƙori ɗaya ba shi da shi, shi ya yi magana, wai in karɓa mana, Farfesa, ai na saba karɓar abu ta ƙasa. Na karɓa na shanye.

Na san za ki ce Prel ya yi rashin kunya ga baffansa. Ki dakata ki ji. Kin tuna safiyar da aka zo kama Marash saboda waƙoƙin da yake rubutawa, zamanin mulkin 'yan gurguzu, lokacin da ambaton Allah ma laifi ne? Shekara bakwai ya yi yana hawa duwatsu da ƙafa, yana zama gaban tsofaffi masu goge yana rubuta abin da suke rerawa. Ke kika naɗe littattafansa uku a baƙin ɗankwalinki, kika cusa su a jakata ƙarƙashin burodin masara. Shi kuma ya riƙe mini wuyan hannu ya ce amana ce, in riƙe har ya dawo. Daga baya na gaya miki an ƙwace su a hanya. Ba wanda ya ƙwace su. Na sa hannu a takardar da ta ce ba ni ba Marash, aka bar ni a jami'a. Bayan shekara huɗu na kwafe littattafan nan, na cire sunan Allah da na waliyyai a wuri sittin da biyu, na sa sunana a bango. Na asalin kuwa na cusa su a murhu, saboda tsoro.

Littafin nan da kike ajiyewa a falo kina nuna wa baƙi, shi ya ba ni digirin dokta, shi ya ba ni kujerar farfesa. Da mulki ya sauya, ban tsaya nan ba. Na hau dandamali ina cewa ni ƙanin wanda aka ɗaure shekara tara ne, mutane suna kuka suna zaɓe na. Haka na shiga majalisa sau uku, har na riƙe mataimakin ministan ilimi. Na ci da aikinsa, na dawo na ci da ɗaurinsa. Shi kuwa da ya fito sai ya kama kiwon zuma. Duk kaka yana aiko mini da kwalba biyu, in na je gida ya tashi tsaye yana tsokana ta, wai ga gwamnati ta iso, a ɓoye akuyoyi. Bai taɓa ce mini uffan a kan littattafan ba. Ni kuma na gaya wa kaina wai ya manta.

Da zan tafi, Mrika ta tare ni a bakin ƙofa ta miƙo mini wani abu a leda, ta ce a ƙarƙashin katifarsa aka samu, kuma Prel ya riga ya karanta. Littafina ne, ya tsufa har bango ya saki. Marash ya bi shi shafi shafi da fensir. Duk inda na cire sunan Allah ya mayar. Inda na haɗa waƙar Ded da ta wani ya raba, ya rubuta a gefe cewa wannan daga littafinsa na biyu take, ranar kaza, gidan wane. Na yi ta neman inda ya zage ni, ban samu ba. Sunana ma bai soke ba. A shafin ƙarshe kawai ya rubuta kalma uku: ya adana su, wato wai ni na adana waƙoƙin. Yaya, da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ga abin da ya sa na rubuto. A ƙarshen Nuwamba za a sake buga littafin don cikarsa shekara arba'in, da hotona a gaba. Na je wurin shugaban kwamitin da ke shirya bugun, wanda ɗalibina ne a da, na faɗa masa komai, na ce a cire sunana a sa na Marash. Dariya ya yi, wai Farfesa baƙin cikin rashi ne, in je bakin teku in huta. 'Yan jam'iyya suka bugo, wai zaɓe na tafe, in ba tsufa ne ya taɓa ni ba me zai sa in miƙa wa 'yan adawa sanda. Shekara arba'in ina ƙarya ana tafa mini, yau na faɗi gaskiya an ce na ruɗe. Da na matsa, sai suka ce fensirin mamaci ba hujja ba ne, sai dai shaidar mai rai da ya ga littattafan da idonsa. Mrika ba ta zo gidan ba a lokacin. Ded ya tuna Marash yana rubutu, amma bai san inda rubutun ya tafi ba. Ke kaɗai kika rage.

Don haka ina roƙon ki, ki zauna ki rubuta da hannunki abin da kika naɗe a ɗankwalin nan, da wanda kika ba, da ƙaryar da ya yi miki. Ki sa hannu a gaban lauya ki aiko kafin tsakiyar Nuwamba. Na san hotona yana rataye a falonki, na san yadda kike kiran sunana a coci. Kar ki sassauta mini ko a layi ɗaya, don in kika sassauta za su ce ai ba a tabbatar ba, sunan Marash kuma ba zai hau bangon nan ba har abada.

Ki gaishe da Kol, da 'yarki Lena da mijinta, da jikoki duka. Tereza tana gaishe ki, ita ma sai makon jiya ta sani, har yanzu ba ta cika yi mini magana ba. In kin kira Prel kar ki yi masa faɗa, da hannun da ya dace ya ba ni.

In za ki aiko da amsa, kar ki rubuta Farfesa Dokta a bayan ambulan kamar yadda kika saba. Mai kawo wasiƙa ya san gidan.

Ƙaninki,
Lazer